Filin Tambaya da Amsa: Haɗa Darasin Haske a Waya da Kwamfuta

Wasiƙun wannan makon kusan duk daga malaman Fiziks suke, kuma sun taru a kan abu guda: yadda za a shirya darasin haske, madubi da gilashi ta hanyar bidiyo da manhaja don 'yan babbar sakandare. Mun zaɓi shida, mun rage tsawon wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da Fiziks a aji biyu na babbar sakandare, yara sittin da 'yan kai a aji, ɗakin gwaji kuwa sai dai suna. Abin da na mallaka kwamfutar tafi-da-gidanka ce guda ɗaya da wayata. Ina so in haɗa darasin haske da yara za su riƙa kallo a waya. Ta ina zan fara? *Malamin Fiziks, Funtuwa*

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye kwamfutar tukuna, ka ɗauki takarda da biro. Rubuta abu ɗaya tak da kake so yaro ya iya bayan kallon minti biyar. Haske babi ne mai faɗi: akwai tafiyarsa a miƙe, akwai dawowarsa daga madubi, akwai lanƙwasarsa idan ya shiga ruwa ko gilashi, sannan ga launuka, ga aikin ido. Wanda ya cusa wannan duka a bidiyon minti arba'in, allo kawai ya mayar cikin waya, kuma yaro zai rufe shi kafin minti na shida.

Mu ɗauki lanƙwasar haske. Fayil huɗu sun ishe ka.

Na farko ɗan guntun bidiyo ne na daƙiƙa arba'in, babu bayani a ciki. Ka sa tsabar kuɗi a ƙasan kwanon sha, ka kafa waya a inda bakin kwanon ya ɓoye tsabar daidai, sai wani ya riƙa zuba ruwa a hankali don kada ta gusa. Tsabar za ta fito fili alhali waya ba ta motsa ba. A nan bidiyon zai tsaya da tambaya a rubuce: me ya motsa? Yaro ya rubuta amsarsa a littafi kafin ya buɗe fayil na biyu. Wannan mataki shi ne ginshiƙin aikin, domin wanda ya riga ya furta hasashensa ya fi zuba ido ya ga ko ya dace.

Na biyu shi ne bayani, minti huɗu zuwa biyar, da zane ɗaya da kake ginawa layi bayan layi: farfajiyar ruwa, sai tsayayyen layin da ake auna kusurwa daga gare shi, wanda malamai ke kira nomal, sai layin haske daga tsabar zuwa ido. Kula da kan kibiya. Daga tsaba take tashi ta nufi ido. Yara da yawa suna zana ta a juye don a ransu ido ne ke jefa haske kan abu, ra'ayin da Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, ya rushe da gwaji tun ƙarni na 11.

Na uku takardar aiki ce shafi ɗaya a PDF, mai tebur da yaro zai iya kwafa da hannu, don ba kowa zai je wurin buga takarda ba. Idan ma'aunin lanƙwasar gilashi 1.5 ne, haske mai shiga a digiri 30 zai koma kusan 19.5, mai shiga a 45 ya koma 28, mai shiga a 60 ya koma 35. Ka riƙe waɗannan a matsayin amsoshinka, su kuma su samo nasu. Na huɗu tambayoyi biyar ne, kowace amsa da dalilinta a ƙasa.

Sai batun nauyi, wanda shi ke kashe irin wannan aiki. Bidiyon minti biyar da ke cin megabit ɗaya a daƙiƙa zai kai kusan megabait 38. Idan ka matse shi da HandBrake, manhaja ce kyauta, ka sauke shi zuwa 480p, zai iya dawowa wajen megabait 20 kuma zane yana fitowa sarai. Raba shi ta Xender ko katin memori, yaro ɗaya ya tura wa goma ba tare da data ba. In ta WhatsApp ne, tura shi a matsayin takarda, domin idan ka tura shi a matsayin bidiyo zai sake matse shi, siraran layuka su dushe. Sa wa fayilolin lamba 01, 02, 03, 04 a farkon suna don su jeru. Kafin ka raba, nemi wayar da ta fi kowace rauni a ajin ka gwada a kanta. Lambar da ba ta karantu a wannan wayar ba, ka ƙara mata girma.

TAMBAYA: Na gwada ɗaukar bidiyon hasken fitilar leza, mai jefa siririn haske ja, yana shiga ruwa, amma abin da ya fito ɗigo ne ja a jikin roba, hanyar hasken ba ta fito ba. Da na kashe fitila kuma sai hoton ya yi dishi-dishi yana rawa. Me nake yi ba daidai ba? *Malamar kimiyya, Gusau*

AMSA: Malama, ba laifin wayarki ba ne. Ido ba ya ganin haske daga gefe sai in akwai abin da ya watso wani ɓangarensa zuwa gare shi, kyamara ma haka take. Ruwa mai tsabta ba ya watsa isasshe. Ki ɗiga madarar ruwa ɗigo biyu ko uku a lita ɗaya, ki juya. In kin zarce haka ruwan zai yi fari fat, hasken ya mutu bayan 'yan santimita, don haka ki riƙa ƙarawa ɗigo-ɗigo kina haskawa. Ɓangaren iska da ke saman ruwan kuwa, turaren wuta ya ishe ki. Ki cika robar rabi, ki bar hayaƙin ya taru a sama, ki rufe da murfi ko farar leda. Yanzu layin zai fito a sama da ƙasa, gwiwar da ya yi a farfajiyar ruwa ta bayyana ƙuru-ƙuru.

Robar ta zama mai kusurwa huɗu, mai miƙaƙƙen gefe. Gorar ruwa mai zagaye ita kanta tana lanƙwasa haske, sai kusurwar da kyamara ta gani ta saɓa wa ta gaskiya. Ki sa baƙin ƙyalle a baya. Idon kyamara ya zama daidai da tsayin farfajiyar ruwan, yadda za ta fito a matsayin layi ɗaya siriri. In kin ɗauka daga sama ko daga ƙasa, yaron da ya ɗora ma'aunin kusurwa a kan hoton zai sami lambar banza.

Rawar hoto tana da dalili biyu. Na farko, a cikin duhu waya na ta neman inda za ta tsayar da gani, tana ƙara haske tana ragewa da kanta. Ki danna yatsa a kan layin hasken ki riƙe na daƙiƙa biyu, yawancin wayoyi za su kulle saitin, sai ki ja 'yar alamar rana ƙasa kaɗan. Kada ki kashe fitila gaba ɗaya. Ki bar ɗan hasken taga yadda za a ga robar da hannunki. Na biyu, wutar lantarkinmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, waya kuma galibi tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, sai wasu ƙwayayen fitila su haifar da ratsi-ratsi masu yawo a bidiyo. Maganinsa hasken rana ko tocila mai batir. Ita ma tocilar ki sa ta a mafi ƙarfinta, domin da yawa suna rage haske ne ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri, kyamara kuma tana kama wannan.

Tunda kin riga kin haɗa robar, kada ki kwance ta sai kin ɗauki abu na biyu. Ki haska daga gefe, ta ƙarƙashin ruwa, kina nufar farfajiya daga ƙasa, ki riƙa kwantar da fitilar lezar sannu-sannu. Da kusurwar ta haura digiri 49 daga nomal, hasken zai daina fita, ya dawo cikin ruwa gaba ɗaya kamar ya bugi madubi. A gilashi iyakar kusan digiri 42 ce, a lu'ulu'u, wato daimon, kusan 24. Da wannan dabara ce wayoyin gilashi na intanet ke ɗaukar saƙo a ƙarƙashin teku. In kina son yara su gani da idonsu, ki huda gorar ruwa rami mai faɗin milimita biyar kusa da gindi, ki haska ta ɗaya gefen daidai saitin ramin. Hasken zai bi ruwan da ke tsiyaya, ya lanƙwasa tare da shi har cikin bokiti.

Gargaɗi ɗaya: kada ki yi darasin madubi da kyamarar gaba. Wayoyi da yawa suna juya hoton dama zuwa hagu, sai ki wayi gari kina bayanin juyin madubi da hoton da aka riga aka juya. Ki sa rubutu a cikin hoton tun farko don ki tabbatar. Muryarki kuma ki naɗe ta daban, a ɗaki mai katifa da labule, fanka a kashe.

TAMBAYA: An ba ni labarin manhajojin kwaikwayon gwaji na PhET, amma makarantarmu babu intanet. Sannan da na nuna wa yara a waya ta, wasa kawai suka yi da ita, ba su koyi komai ba. *Malami, Azare*

AMSA: PhET shiri ne na Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, wanda Carl Wieman, da ya ci kyautar Nobel ta Fiziks a 2001, ya kafa a 2002. Ga uku daga cikin manhajojinsa da suka shafi haske kai tsaye: Bending Light don lanƙwasa, Geometric Optics don gilashi da madubi, Color Vision don launuka. Kowanne ana iya sauke shi a matsayin fayil ɗaya, sau ɗaya kake buƙatar data, daga nan ka raba shi kamar yadda ake raba bidiyo. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen buɗewa: wasu wayoyi kan buɗe shi da wata 'yar manhajar duba rubutu, sai a ga farin shafi babu komai. Ka zaɓi Chrome idan waya ta tambaye ka da me za a buɗe.

Wasan da suka yi kuwa ba abin mamaki ba ne, Malam. Ka ba yaro maɓallai goma ba tare da tambaya ba, zai danna su duka ya tashi. Manhajar ba darasi ba ce sai ka haɗa ta da takardar aiki mai faɗin abin da za a riƙe da abin da za a sauya. Misali a Bending Light: sama iska, ƙasa gilashi, kada a taɓa su. A jawo ma'aunin kusurwa, a saita shiga a digiri 20, 30, 40, 50, 60, a rubuta kusurwar fita. A nemi sayin (sine) ɗin kowace kusurwa, a zana jadawalin sayin shiga a kan sayin fita, gangarensa ya ba da kusan 1.5. Sannan a sauya ƙasan zuwa ɗaya daga abubuwan da aka ɓoye sunansu, a maimaita, kowane rukuni ya faɗi ma'aunin da ya samu. Yara uku a waya ɗaya ya fi kowa da tasa: ɗaya na dannawa, ɗaya na karantawa, ɗaya na rubutawa, su riƙa musanya.

Akwai kuma kuskuren da zanen allo ke dasawa, wanda manhaja za ta taimaka maka ka cire. Kullum layuka biyu ko uku muke zanawa daga abu zuwa gilashi mai tattara haske, sai yara su ɗauka su ke nan. Tambaye su: idan an rufe rabin gilashin da kwali, me zai sami hoton da ke kan bango? Mafi yawa za su ce rabinsa zai ɓace. Hoton cikakke zai fito, sai dai ya rage haske, domin kowane ɗigo na abin yana aika haske zuwa ko'ina a fuskar gilashin. A Geometric Optics ka kunna zaɓin layuka masu yawa su ga dalili. Amma ka fara yi musu da gaske, da kyandir da gilashin ƙara girman rubutu da farin kwali. In babu wannan, tabarau na karatu da ake sayarwa a kasuwa ya wadatar: wanda aka rubuta wa +2.00 yana tattara haske a santimita 50, mai +2.50 a santimita 40.

TAMBAYA: Ɗalibaina suna kallon bidiyon lissafin gilashi a YouTube, sai su zo da amsar da ta saɓa wa tawa, kowa kuma ya rantse ya bi ƙa'ida. Ni a Nijar nake, amma ina da yara masu shirin jarrabawar Najeriya. *Malamin darasin yamma, Maraɗi*

AMSA: Rikicin alamar ƙari da ragi ne, kuma ya kamata duk mai haɗa darasi ya warware shi a shafin farko. Ƙa'idoji biyu ke yawo. Yawancin littattafan sakandare a Najeriya suna bin wadda ke ba wa duk tazara ta zahiri alamar ƙari, su rubuta 1/f = 1/u + 1/v, inda u ke nufin tazarar abu daga gilashi, v tazarar hoto, f kuma tazarar da gilashi ke tattara haske. Tsarin Faransanci da ake bi a makarantun Nijar, da littattafan Indiya da bidiyonsu suka cika YouTube, suna auna tazara ne daga tsakiyar gilashi da la'akari da inda haske ya dosa, don haka tazarar abu tana ɗaukar ragi, lissafin ya zama 1/v − 1/u = 1/f.

Duka biyun daidai suke, cakuɗa su ne ɓarna. A ce gilashi yana tattara haske a santimita 15, abu yana nesa da shi santimita 45. Ta kowace hanya hoto zai sauka a santimita 22.5, a kife, rabin girman abin. Amma yaron da ya ɗauki lissafi na biyu ya sa 45 babu ragi zai sami 11.25, ya kafe a kai. Don haka ka yi fayil biyu daban, kowanne da sunan jarrabawarsa a kai, ƙa'idar kuma ta zauna a kusurwar allo daga farkon bidiyo har ƙarshe. Ka kuma sa misalin abu a santimita 10, inda amsa ke fitowa ragi 30: hoton yana gefen abin, a tsaye, ya ninka girma sau uku, ido na ganinsa amma ba ya sauka a kan kwali. In kana son zanen da yara za su ja abu su ga hoto na gusawa, manhajar GeoGebra tana yi, kuma tana aiki babu intanet.

TAMBAYA: Da Hausa zan yi bayani ko da Turanci, tunda WAEC da NECO da Turanci ake rubutawa? Kuma haruffa masu ƙugiya suna zama akwati-akwati a wayar yara. *Malama, Kano*

AMSA: Murya da Hausa, rubutun jikin zane da kalmomin da za su tarar a takardar jarrabawa. Ki faɗi kalmar Turancin da baki a lokacin da yatsa ke nuna ta, ki bi ta da bayanin Hausa, sannan ki riƙe fassara ɗaya har ƙarshen babi. Idan yau kin ce lanƙwasa, gobe karyewa, jibi karkata, yaro zai ɗauka abu uku ne. Inda Hausa ke da kalmarta kuwa ki yi amfani da ita, don ta zo da hoto a kan yaro. Ƙawalwalniyar da ake hangowa a kan kwalta da tsakar rana, hasken sararin sama ne da ya lanƙwaso sama a cikin iska mai zafi da ke kwance dab da titi. Bakan gizo kuma ba ya fitowa sai rana tana bayan mai kallo.

Akwatunan nan alama ce cewa salon rubutun da kika zaɓa babu ɓ, ɗ, ƙ a cikinsa, ko kuma babu shi a wayar da aka buɗe. Ki yi amfani da Noto Sans ko Andika, duka kyauta ne, kuma ki mayar da aikin PDF kafin ki raba, yadda salon zai tafi tare da fayil ɗin. A zane, kada ki dogara da ja da kore kaɗai wajen bambanta layuka, akwai yaran da ba sa rarrabe su, fotokwafi ma baƙi yake mayar da su. Layin haske na gaske a ja shi cikakke, na ƙiyasi a yi shi ɗigo-ɗigo.

TAMBAYA: A matsayina na shugaban makaranta, in mun sami waɗannan manhajoji, akwai sauran buƙatar sayen kayan gwaji? Kuma fitilar leza ba ta da haɗari ga yara? *Shugaban makaranta, Birnin Kebbi*

AMSA: Akwai, ranka ya daɗe. A jarrabawar gwaji, dunƙulen gilashi da fil huɗu da allon zane za a miƙa wa yaro. Manhaja ba ta koya masa kafa fil a tsaye, ko runtse ido ɗaya ya jera su, ko barin aƙalla santimita biyar tsakanin fil biyu don layinsa ya miƙe. A manhaja kowace amsa cif take fitowa. A kan tebur yaro zai sami 1.47 ko 1.54, ya koyi dalilin da ya sa ake auna abu sau biyar a zana jadawali. Dunƙulen gilashi goma, madubai goma, gilashi mai tattara haske a santimita 15 guda goma, da fakitin fil, za su ɗauki aji mai yara sittin a rukunin shida-shida. Wani abin ma ba sai an saya ba: gwangwanin madara da aka huda gindinsa da allura, aka rufe bakinsa da takardar da aka shafa wa man gyaɗa, zai nuna hoton taga a kife.

Leza kuwa, a sayi ja, wadda aka rubuta wa ƙasa da miliwat ɗaya, wato aji na 2 a rabe-raben ƙarfin leza. A guji koraye masu arha, sau da yawa ƙarfinsu ya zarce abin da ke rubuce a jikinsu. A hannun malami za ta zauna, a ƙasa da tsayin idon yaran da ke zaune, tana fuskantar bango, kuma a cire agogo da zobe don kada haske ya yi tsalle. Wajen auna inda gilashi ke tattara haske, a yi amfani da hoton taga ko na wata bishiya mai nisa a kan farin kwali. Kada a bar yaro ya kalli rana ta cikin gilashi ko na ƙiftawar ido, kuma a rubuta wannan da manyan haruffa a farkon duk bidiyon da zai je gida, inda babu malami a kusa.